Tsufan Ido da Saitin Bindigar Hannu: Yadda Gwanayen Harbi Ke Jure wa Shekaru

Gabatarwa

A gasar Olamfik ta 1992 da aka yi a birnin Basalona na ƙasar Sifen, wani dattijo ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ragnar Skanaker ya ci lambar tagulla a harbi da bindigar hannu daga nisan mita 50. Shekarunsa 58 a lokacin. Da'irar tsakiyar allon da ake harbi, wadda ke ba da maki goma, faɗinta milimita 50 ne kacal, wato ba ta kai bakin kofin shayi ba. Shi ne ya ɗauki zinariya a wannan fanni a birnin Munik a 1972, ya ci azurfa a 1984 da 1988, bai kuma daina halartar Olamfik ba sai bayan gasar Atlanta ta 1996, yana da shekara 62.

Sanin kowa ne cewa mai irin waɗannan shekaru da wuya ya zura zare a allura ko ya karanta ƙananan rubutu ba tare da tabarau ba. To, ta yaya idon da allura ta gagara zai iya kai harsashi tsakiyar allo? Amsar tana cikin ilimin halittar ido da ilimin haske, kuma ta shafi tela da malami da maƙeri kamar yadda ta shafi maharbi. An zaɓi wasan harbi ne a wannan maƙala domin da wuya a sami wani aiki da ke fito da matsalar fili kamarsa, inda kuskuren milimita ɗaya kan raba mai nasara da wanda ya faɗi.

Yadda Ido Ke Tattara Haske

Tun a ƙarni na 11 masanin nan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Hasken yakan fara ratsa wata fata mai garai-garai da ke gaban ido, wadda ake kira koniya. Daga nan ya bi ta ƙofar haske, wato baƙin ɗigon nan da ke tsakiyar ido, mai tsukewa da rana ya buɗe da dare. Bayan ƙofar akwai wata tsoka mai kama da gilashi, mai siffar ƙwayar wake, wadda za a kira gilashin ido a nan. Aikin koniya da gilashin ido shi ne su tanƙwara haske su tattara shi a kan ratina, wato shimfiɗar jijiyoyin da ke bangon bayan ido. Idan hasken ya tattaru daidai a kan ratina sai a ga abu tangaran. Idan kuwa ya kuskure mata, sai a gan shi dishi-dishi.

Ana auna ƙarfin tanƙwara haske da ma'aunin da ake kira diyofta. Lissafinsa mai sauƙi ne: a raba 1 da nisan abu a mita. Ke nan, idon da yake lafiyayye wajen hangen nesa yana buƙatar ƙarin diyofta 1 domin ya ga abin da ke nisan mita 1, da ƙarin diyofta 2 domin abin da ke rabin mita, da ƙarin diyofta 4 domin littafin da ke santimita 25 daga fuska. Ƙarfin ido gaba ɗaya ya kai kimanin diyofta 60, kuma wajen kashi biyu cikin uku na wannan daga koniya yake. Sai dai koniya ba ta sauya siffa. Duk ƙarin da ake buƙata domin duban kusa daga gilashin ido yake fitowa.

Thomas Young na Ingila ne ya nuna a 1801 cewa gilashin ido yana sauya siffarsa, sa'an nan Hermann von Helmholtz na Jamus ya bayyana yadda abin ke faruwa a 1855. Gilashin yana rataye ne da wasu siraran zarurruka a tsakiyar wata tsoka mai siffar zobe. Idan ana duban nesa, tsokar tana hutawa, zoben ya buɗe, zarurrukan su ja gilashin ya baje. Idan aka dubi kusa, tsokar ta tsuke, zarurrukan su saki, gilashin ya dunƙule da kansa ya ƙara ƙarfi. Wato duban nesa hutu ne ga ido, duban kusa kuwa aiki ne.

Abin da Shekaru Ke Yi wa Gilashin Ido

Fatar jiki tana zubar da tsofaffin ƙwayoyinta, jini ma yana sabunta nasa. Gilashin ido ba haka yake ba. Yana cikin rufaffiyar jaka, ba ya zubar da komai. Sababbin ƙwayoyi suna hawa kan tsofaffi, ɓawo bisa ɓawo kamar albasa, har ƙarshen rayuwa. Ƙwayoyin da ke tsakiyar gilashin idon dattijo mai shekara 70 su ne waɗanda aka halicce shi da su tun yana cikin mahaifiyarsa. A hankali sai tsakiyar ta cushe ta taurare, ta yadda ko tsoka ta tsuke, zarurruka sun saki, gilashin ba ya dunƙulewa. A 1998 Adrian Glasser da Melanie Campbell sun gwada gilasan idanun mamata masu shekaru daban-daban, suna jan su da na'ura kamar yadda tsokar ido ke yi. Sun tarar cewa na yara suna sauya ƙarfi sosai, na waɗanda suka kai kimanin shekara 60 kuwa kusan ba sa sauyawa.

Likitan nan na Holan, Franciscus Donders, ya wallafa awon wannan raguwa tun 1864. Alƙaluman da aka saba kawowa a littattafai, bisa kimantawa, su ne kamar haka:

Shekara 10: diyofta 14, ana gani tangaran har zuwa santimita 7.
Shekara 20: diyofta 10, santimita 10.
Shekara 40: diyofta 4 zuwa 5, santimita 20 zuwa 25.
Shekara 50: diyofta 2, santimita 50.
Shekara 60: diyofta 1, mita 1.

Mai karatu zai lura cewa raguwar ta fara ne tun daga ƙuruciya. Ba a jin ta ne kawai sai an haura shekara 40, lokacin da iyakar gani ta iso inda ake riƙe littafi, sai a ga mutum yana miƙa takarda nesa da fuskarsa. Masana suna kiran wannan yanayi firesbiyofiya, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar tsoho da ido. Ba cuta ba ce, kuma ba ta ƙyale kowa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 a kan gani ya kawo ƙiyasin cewa mutum biliyan 1.8 ne ke da ita, kuma fiye da miliyan 800 daga cikinsu ba su da tabarau da ya dace da su. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A sha'anin ido kuwa hangen nesan babba yana nan daram, abin da ke gaban hancinsa ne ke kuɓuce masa.

Akwai wasu sauye-sauye biyu da ke tafe da wannan. Ƙofar haske tana ƙanƙancewa da shekaru, gilashin ido kuma yana rinewa zuwa ruwan ɗorawa. Saboda haka hasken da ke isa ratinar mai shekara 60 bai wuce kimanin sulusin wanda ke isa ta mai shekara 20 ba. Wannan ne ya sa matsalar ta fi tsananta da almuru ko a ɗaki mai duhu.

Abu Uku, Ido Ɗaya

A kan bindigar hannu akwai alamomin saiti guda biyu. A baya, kusa da hannu, akwai wata 'yar tsaga mai kama da ƙofa. A gaba, bisa bakin bindiga, akwai ɗan tsinke a tsaye. Maharbi yakan daidaita tsinken a tsakiyar tsagar, kansa daidai da kafaɗunta, hasken da ke hagu da damansa daidai wa daida, sa'an nan ya ɗora su a kan allo.

Ɗan wasan da ke harbi da bindigar iska a gasar mita 10 yana tsayawa ne a karkace, ya miƙe hannu guda. Tsagar baya tana kimanin santimita 70 daga idonsa, tsinken gaba kimanin mita 1, allo kuwa mita 10. A lissafin diyofta, tsaga na neman 1.4, tsinke na neman 1, allo na neman 0.1. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku: babu idon da zai ga dukkansu tangaran a lokaci guda, ko da na yaro ne. Abin da saurayi ke yi shi ne tsalle tsakaninsu cikin ƙiftawa, har ya zaci tare yake ganin su. Wannan tsallen shi ne abin da shekaru ke ƙwacewa. Mai shekara 50 zai iya riƙe tsinken, amma da rabin dukkan ƙarfin da ya rage masa, alhali gasar harbi 60 ce cikin minti 75, ido kuwa yana gajiya. Mai shekara 60 ba shi da rarar komai. Idonsa zai koma inda ya fi masa sauƙi, wato allo, ya bar tsinken cikin hazo.

Wanne Ya Kamata a Gani Tangaran?

Hankali zai ba mutum cewa allon ne, tunda shi ake son samu. Lissafi ya nuna akasin haka, kuma ɗalibin da ya san darasin kusurwoyi masu kama da juna zai iya tabbatar da shi a kan takarda.

A ɗauka tazarar da ke tsakanin tsaga da tsinke santimita 30 ce. Idan hannu ya girgiza, bindigar gaba ɗayanta ta gusa gefe da milimita 1 alhali tsinken na nan a tsakiyar tsagar, harsashi zai kauce da milimita 1 ne kawai. Amma idan tsinken ne ya kauce daga tsakiyar tsagar da milimita 1, to bindigar ta karkata ke nan, kuma karkatar tana ƙaruwa da nisa. Mita 10 ta ninka santimita 30 sau 33, saboda haka harsashin zai sauka milimita 33 daga tsakiya. Da'irar maki goma a wannan allo faɗinta milimita 11.5 ne, baƙin allon gaba ɗaya kuwa milimita 59.5. Ke nan harsashin ya fita daga baƙi ɗungurungum, ya faɗa da'irar maki shida. A gajeriyar bindiga irin ta 'yan sanda, inda tazarar ba ta wuce santimita 15 ba, wannan kuskuren zai zama kusan santimita 17 a nisan mita 25.

Shi kuwa allo, ko an gan shi dishi-dishi, da'ira ce, kuma da'ira idan ta dushe tana dushewa ne daidai ta ko'ina, tsakiyarta ba ta gusawa. Wannan ne dalilin da ya sa masu horarwa ke nanata wa ɗalibansu cewa su kafa ido a kan tsinken gaba, su ƙyale allo ya yi hazo. Da yawa daga cikin 'yan gasa ma ba sa ɗora tsinken a kan baƙin allo. Sukan daidaita saitinsu yadda za su auna farin da ke ƙarƙashinsa, domin baƙin tsinke ya fito sosai a kan fari. Darasin da ke nan shi ne, dattijo ba ya buƙatar idon saurayi. Nisa guda ɗaya tak yake buƙatar gani da kyau, wannan kuwa abu ne da gilashi zai iya ba shi.

Dabarun da Ake Bi

Dabara ta farko ita ce tabarau da aka auna domin nisan tsinke. A nan mutane da yawa kan yi kuskure, su ɗauko tabaran karatu. Tabaran karatu mai ƙarfin +2.50 yana kafa gani ne a santimita 40, saboda haka tsinken da ke mita 1 zai dushe, allo kuwa ya ɓace. Abin da ake buƙata ƙari ne kaɗan, galibi tsakanin +0.50 da +1.00, a kan duk gyaran da mutum ke amfani da shi na hangen nesa. Alal misali, gilashin +0.75 yana kafa gani a santimita 133, ya bar wa ido aikin diyofta 0.25 kawai, wanda ko mai shekara 60 zai iya ɗauka, allon kuma bai dushe fiye da kima ba. Hanyar da ta dace ita ce a auna nisa daga ido zuwa tsinke da tef, a kai wa likitan ido adadin. Wani abin sha'awa shi ne, mai ƙarancin hangen nesa na diyofta 1 yana ganin mita 1 tangaran da zarar ya cire tabaransa, ko da ya tsufa.

Tabarau mai hawa biyu, irin wanda ake danganta wa Benjamin Franklin na Amurka, ba ya biyan buƙata sosai, domin sashen duban kusa yana ƙasa. Sai maharbi ya ɗaga haɓa sama kafin ya leƙa ta cikinsa, tsayuwarsa kuma ta lalace. Shi ya sa tabaran gasa ke da gilashi guda da ake iya gusar da shi har ya zo daidai layin ido.

Dabara ta biyu ita ce tsuke ƙofar haske. Haske daga abin da ba a kafa ido a kansa ba yana sauka a ratina ne a matsayin tabo mai faɗi, kuma faɗin tabon ya danganta da faɗin ƙofar da hasken ya bi. Idan aka rage ƙofar da rabi, tabon ma ya ragu da rabi, sai tsinke da tsaga da allo duk su ƙara fitowa. 'Yan gasa sukan maƙala wani faifai mai ƙaramar huda a gaban tabarau, wanda ake iya buɗewa ko tsukewa. Amma dabarar tana da iyaka. Huda mai rabin faɗi rubu'in haske kawai take shigarwa, idon dattijo kuwa da ma yunwar haske yake yi. Har ila yau, idan hudar ta yi ƙasa da kimanin milimita 1, haske yakan watse a gefunanta, gani ya sake lalacewa. A kan wannan ƙa'ida ce maganin ɗigawa na filokafin yake aiki, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi domin tsufan ido a 2021: yana tsuke ƙofar haske na 'yan sa'o'i, amma yakan jawo ciwon kai da raguwar gani cikin duhu.

Dabara ta uku ita ce barin ido biyu a buɗe. Ƙofofin hasken idanu biyu tare suke aiki, idan aka runtse ɗaya sai ta ɗayan ta ƙara buɗewa, ga kuma gajiyar tsokar fuska. Maimakon runtsewa, sai a sa ɗan farin roba mai shigar da haske a gaban idon da ba a saiti da shi. A gasar Faris ta 2024 duniya ta ga salo biyu. Kim Ye-ji ta Koriya ta Kudu ta ci azurfa sanye da cikakken tabaran gasa mai gilashi da marufi. Yusuf Dikec na Turkiyya, mai shekara 51, ya ci tasa azurfar a gasar haɗin gwiwa ta maza da mata da tabaransa na yau da kullum, idanu biyu a buɗe. Ke nan ba a yi wa kowa ɗinki da awon wani.

Dabara ta huɗu ita ce sauya na'urar saitin kanta. Tun a 1900 Howard Grubb na Dublin ya ƙirƙiro saiti mai amfani da madubi, a 1975 kuma kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fito da mai jan ɗigo na lantarki. Madubinsa yana jera hasken ɗigon yadda zai shiga ido tamkar daga nesa ya taso. Saboda haka ɗigo da allo suna bayyana tangaran tare, ba tare da gilashin ido ya yi wani aiki ba. Sai dai wanda koniyarsa ba ta da daidaiton zagaye yakan ga ɗigon da jela ko kamar tauraro, sai an gyara masa da tabarau. Bugu da ƙari, dokokin hukumar wasan harbi ta duniya, waɗanda ake bi a Olamfik, sun hana irin wannan saiti a gasar bindigar hannu. Sun yarda ɗan wasa ya sa gilashi a fuskarsa, amma ba a jikin bindiga ba.

Inda Tabarau Ba Ya Magani

Ba kowane dushewar gani ba ne tsufan ido. Yanar ido tana sa gilashin ido ya yi gizo, haske ya riƙa kashe ido, kuma maganinta aiki ne inda ake cire gilashin a sa na roba. Gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, tana cin jijiyar gani daga gefe ba tare da ciwo ba, abin da ta ci kuwa ba ya dawowa. Ta fi yawa, ta kuma fi saurin kamawa, a tsakanin baƙaƙen fata. Ciwon sukari shi ma yana lalata jijiyoyin jinin ratina. Haɗarin shi ne mutum ya sayi tabarau a bakin kasuwa, ya ga rubutu ya fito, ya ɗauka shi ke nan, alhali wata cuta na ci a ɓoye. Duk wanda ya haura shekara 40 ya kamata ya riƙa kai idonsa a duba, a auna masa ƙarfin ruwan ido, a leƙa ratina. Rigakafi ya fi magani.

Gwaji Uku Domin Aji

Gani ya kori ji, kuma babu buƙatar bindiga, wadda riƙe ta ba da lasisi ba laifi ne a dokar ƙasa. Na farko, a rufe ido ɗaya, a matso da rubutu a hankali har ya fara dushewa, a auna nisan da rula, a raba 100 da adadin santimitan. A gwada ɗalibai da malamai masu shekaru daban-daban, kowa sanye da tabaransa na nesa idan yana da shi, a zana sakamakon a jadawali. Na biyu, a huda kati da allura, a ba wanda ya manyanta ya leƙa rubutu ta hudar a wuri mai haske ba tare da tabarau ba. Na uku, a miƙe hannu riƙe da fensir, a dubi tsininsa, sa'an nan a dubi bishiyar da ke nesa, a lura da wanda ke dushewa a kowane karo.

Kammalawa

Nino Salukvadze ta Jojiya ta ci zinariya a harbin bindigar hannu a birnin Siyol a 1988 tana da shekara 19, ta ƙara da tagulla a Beijin a 2008. A gasar Tokyo ta 2021 ta bayyana cewa za ta ajiye bindiga saboda ganinta ya ragu. Amma sai ga ta a Faris a 2024 tana da shekara 55, inda ta zama mace ta farko da ta halarci Olamfik sau goma. Ita da Skanaker ba su tsira daga abin da ke samun kowane ido ba. Natsuwa da sarrafa numfashi da iya jan kunama ba sa taurarewa kamar gilashin ido, gwaninta ma ƙara su take yi. Abin da ya taurare kuwa ana iya auna shi da tef, a lissafa shi da diyofta, a cike gurbinsa da gilashi. Haka abin yake ga tela a gaban kekensa da malami a gaban littafinsa: kowa ya san nisan da aikinsa yake, ya nemi gilashin wannan nisa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.